Abin da Ya Tokare Ƙirjin Suhaila

Yayata Ramlatu ba ta taɓa kiran 'yarta ta fari da sunanta ba. In tana nemanta sai ta ce "Ke," in kuma zancenta take yi sai ta ce "yarinyar nan" ko "'yar Rabi." Ni ce Rabi, kuma ni aka miƙa wa Suhaila ranar da aka yaye ta, tunda Allah bai ba ni nawa ba, ga shi gida ɗaya muke zaune. Haka Innarmu ta yi wa Yaya, haka aka yi wa Inna tun suna kan hanya tsakanin Cadi da Sudan, kafin ƙafarsu ta taka Makka. Kunyar ɗan fari ce, kuma duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san ba ƙiyayya ba ce. Sai dai Suhaila a unguwar Jarwal ta Makka aka haife ta, a unguwar Zahir ta girma, cikin 'ya'yan Larabawa da iyayensu mata ke tarbar su a ƙofar makaranta da sumba a kumatu, ana "ya galbi, ya ruhi," wato zuciyata, raina, kai ka ce daga yaƙi suka dawo.

Su kuma Larabawa al'adarsu ce a kira mace da sunan ɗanta na fari. Da maƙwabta suka fara ce wa Yaya "Ummu Suhaila" sai ta yi kunnen uwar shegu da su, har Allah ya kawo Basma, ta ce to ga sunan da za ta amsa. Har yau a kasuwar Zahir, inda take sayar da yaji da ƙuli-ƙuli, in ka ce Ummu Basma kowa zai nuna maka ita. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Ashe yarinya tana gani, tana haɗiyewa.

Suhaila ta auri Rakan, wani yaro mai sanyin hali da ke aiki a Damam. Asalinsu Hausawa ne, amma kakanninsa sun samu takardar ƙasa tun da daɗewa, Hausar da ta rage a bakinsu "ina kwana" ce da sunayen abinci. Da cikinta ya tsufa ta dawo gida, ta haifi namiji, aka sa masa Hudaifa. Yaya ta rufe rumfarta ta zauna hidimar jego. Ban taɓa ganin mai jegon da aka yi wa gata irin wannan ba: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, farfesun kaza, gashi da tausa har sai zufa ta karyo wa mai yin. Amma kullum ta baya take zama. Ta san gadon bayan Suhaila kamar tafin hannunta, fuskar ce ba ta kallo.

'Yan kwanaki bayan suna, 'yan barka suka cika mana falo, har da tsofaffin da muka zauna tare a Jarwal kafin a rushe layinmu. Suhaila tana zaune a tsakiya, ta yi kyau abinta. Yaron ya yi atishawa, sai ta ɗaga shi, ta manna masa baki a goshi, ta ce, "Hudaifa, habibi, ya ruh Mama." Tsofaffin suka kalli juna, suka rufe baki da gefen mayafi, wata ta ce, "'Ya'yan yanzu ke nan." Wasa ne, ba wanda ya ɗauka da zafi sai Yaya. Kunya ta kama ta kamar ita aka kama da laifi. Ta sunkuyo kamar za ta ɗauki faranti, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Ke, ajiye shi. Ɗan fari ne. Ba ki da kunya?"

Suhaila ta ajiye shi. Daga ranar ba ta sake ɗaukarsa ba.

Da fari na ɗauka fushi ne, har na yi mata faɗa, don ni bakina ba ya shiru. Na ce wa take yi wa fushin, jariri? Sai ta daina cin abinci, ta daina taɓa wayarta, wadda a da ko banɗaki da ita take shiga. Ta juya ta fuskanci bango. In Hudaifa ya yi kuka a gefenta sai hawaye su dinga gangarowa har cikin kunnenta, hannayenta kuma suna ajiye a kan katifa.

"Ɗauke shi mana, 'yata," na ce. "Ga shi nan dab da ke."

"Ma agdar, Khala. Ba zan iya ba. Ina aika hannun wurinsa, ba ya zuwa." Khala take kirana, wato ƙanwar uwa. Ta dafa tsakiyar ƙirjinta. "Akwai abu a nan. Numfashi yana zuwa sai ya tsaya a kansa."

Mu muka koma tatsar nonon muna ba shi da cokali, nonon kuma yana ja da baya tunda mai shi ba ta ci. Madarar gwangwani duk wadda aka gwada sai ya amayar. Yaron da aka haifa da kumatunsa ya fara zama sai idanu, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wallahi in na ɗauke shi kamar ba komai a hannuna.

Ba abin da ba mu yi ba. An kawo malami ya yi ruƙiyya, yarinya ko gezau, ya ce wannan ba aikin aljani ba ne. Zamzam mun ba ta, mun shafa mata, habbatus sauda kuwa har labulen ɗakin ya ɗauki warinta. Muka kai ta asibiti, wata likita ta saurare ta da kyau, ta ce ciwo ne sananne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ba hauka ba ne, kuma ana warkewa. Ta ba da ƙwayoyi, ta ce sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, a yi haƙuri. Muka karɓa, muka yi godiya, muka dawo gida.

Ranar wata Litinin surukar Suhaila, Ummu Rakan, ta iso ba sanarwa. Yaya tana sallar azahar, ni ina kicin, Basma tana wurin aiki. Ta tarar jikanta ya yi kuka har muryarsa ta dishe, uwarsa kuma tana kwance kusa da shi ido biyu. Da ma ta yi hayaniya, da na samu wanda zan tsana. Ba ta yi ba. Ta ɗauke shi ta rarrashe shi, ta zauna a falo ta jira Yaya ta sallame.

"Ya Ummu Basma," ta ce da Larabci, tana tsarma 'yar Hausar da ta rage mata, "ban zo da faɗa ba. Kun yi iya ƙoƙarinku, na gani da idona. Amma yaron nan ƙarewa yake yi. 'Yata Lujain tana shayarwa a Damam, nononta ya ishi biyu. Ranar Juma'a Rakan zai zo, bayan salla za mu shigo. In na ga uwarsa ta ɗauke shi ta sa shi a nono da hannunta, wallahi na bar shi, kuma na fi kowa murna. In ba haka ba, jirgin yamma da shi za mu hau."

Yaya ta ce, "Tayyib, to," kanta a ƙasa. Yaro ɗan ƙasa ne, mu masu iƙama ne, takardar zaman baƙi, wa za mu kai wa ƙara? Ko da akwai wurin kaiwa, me za a ce wa matar da ke son jikanta ya rayu? Amma na san abin da tafiyar take nufi. Yaron da ya kama nonon wata, ya saba da ƙamshinta, babu ranar dawowarsa. Maganar Rakan ma a waya ta fara gajarta. In Hudaifa ya fita daga gidan nan, Suhaila ba ta da sauran abin da za ta tashi dominsa. Ni na raine ta, na san ba za ta tashi ba.

Da la'asar Basma ta dawo daga shagon gyaran mata da take aiki, ta ji labari, ta shiga ɗaki ta fito da jaka. Basma ita ce 'yar lelen gida, ita ake kira da suna har da jan ƙarshensa. Ta zazzage wani koren dutse mai girman ƙwan tantabara, ta buɗe min hoto a waya: mutum ne zaune ya harɗe ƙafafu, an jera masa fitilu bakwai masu launi-launi, tun daga ƙasan gadon baya har tsakar ka.

"Wannan kuma fa? Danjar titi ce?"

"Shakra sunansu, Khala. Wata ustaza Maha ce ke koyarwa, duk 'yan shagonmu suna bin ta. Ya'ni ƙofofi ne a jikin mutum, ƙarfin rai ta cikinsu yake bi. Ta ƙasa ita ce ta tsoro da kwanciyar hankali. Ta wajen cibiya ita ce ta ƙarfin hali. Ta maƙogwaro ta magana ce. In ɗaya ta toshe, jiki ya yi ciwo, rai ya yi ciwo, har ibada mutum ba ya jin daɗinta."

"Daga ina abin ya fito?"

"Asalinsa daga Indiya."

"To madalla. Mutane suna sayar da gonakinsu su zo Makka neman waraka, ke kina zaune a Makka kin aika Indiya."

Ina cikin yi mata tsiya sai muka ji murya daga kan gado. Suhaila ce ta juyo, ba tare da kowa ya juya ta ba, hannunta a ƙirji.

"Akwai ta nan?"

Basma ta haye gadon ta nuna mata koriyar fitilar, daidai tsakiyar ƙirji. "Shakrat al-galb. Ta zuciya. Ta nan so yake shiga, ta nan kuma yake fita."

Suhaila ta daɗe tana kallon hoton. "Nan ne," ta ce. "Daidai nan ne. Ashe yana da suna."

Na daina tsiyar. In gaskiya za a bi, mu ma haka muke magana tun kafin a haifi ustaza Maha: abu ya tokare min ƙirji, magana ta tsaya min a wuya, cikina ya ɗuri ruwa. Fenti ne kawai ba mu yi musu ba. Ni dai har gobe ban yarda akwai wata fitila a jikin ɗan Adam ba. Amma yarinyar da ta yi kwana da kwanaki tana kallon bango ta juyo, kuma kafin magariba ta sha rabin kofin kunu. Da a lokacin an ce min maganin shi ne in haɗiye dutsen nan, da ruwa kawai zan nema.

Washegari Basma ba ta je aiki ba. Ta jingina yayarta da matashi, ta ɗora mata dutsen a ƙirji, tana koya mata jan numfashi a hankali da sakinsa, wai ta riƙa ganin kore a zuciyarta. Ni ina gefe da Hudaifa da cokali, ina istigfari a ɓoye. Can da hantsi ta kira ustazar ta bidiyo. Mace ce mai taushin murya, bayanta duk tukwanen furanni. Ta yi wa Suhaila 'yan tambayoyi a kan barci da numfashi, sannan ta ce, "Habibti, lokacin da kike ƙarama, da me Mama take kiran ki?"

Suhaila ta buɗe baki za ta amsa, sai wani kuka ya ƙwace mata, irin wanda rabon da in ji shi tun ranar da na karɓe ta daga bayan uwarta. Basma ce ta yi bayani a madadinta, har da abin da ya faru a falo. Matar ta gyaɗa kai. Ta ce ƙofar nan tun yarinta take a rufe, abin da bai shiga ba kuma ba zai fita ba. Ta ce yarinya ta yi ƙoƙarin buɗe wa ɗanta, aka ce ta ajiye, shi ne ƙofar ta kulle gaba ɗaya. Dutse da numfashi taimako ne kawai. Abin da zai buɗe shi ne uwarta ta zauna a gabanta, ta ɗora hannu a wurin, ta kira ta da sunanta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wace ce wannan, da ba ta taɓa taka matakalar gidanmu ba, za ta yanke wa Yaya hukunci daga cikin waya? Da aka kashe, na zauna na sake yi wa Suhaila karatun da na sha yi mata. Na ce wanda ake ɓoye sunansa shi ne mai daraja. Na ce duk aikin Hajji uwarta a Arfa take yin sa, tana juya tukunyar da ta fi ta girma cikin ranar da ke kayar da maza, don ita ta yi makaranta. Na ce lokacin da ƙyanda ta kama ta, ni na riƙe ta, amma Yaya a bayan ƙofa ta wuni tsaye, ko ruwa ba ta sha ba.

"Na sani, Khala," ta ce. "Kaina ya sani. Nan ne bai sani ba."

"To ni ga shi na kira ki. Suhaila. Suhaila. Tun kina rarrafe nake kira."

Ta yi wani murmushi da gara kuka da shi. "Naki ya shiga tuntuni. Ba shi ne ya rage ba."

Na sami Yaya a kicin tana tankaɗe yaji, alhali rumfa a rufe take, hannunta ne kawai ba ya iya zama. Na faɗa mata komai. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"A'uzu billahi. A garin nan, muna hango hasumiyar Harami daga saman gida, za ku kawo min addinin masu gumaka?"

"Ba dutse, ba hoto, ba waya. Da hannuna zan fitar da su. Hannunki ne kawai da bakinki. Uwa ta dafa 'yarta ta kira sunan da aka yanka mata rago a kansa, wane malami ne zai ce shirka ce?"

Ta ci gaba da tankaɗe. Yaji ya cika kicin ɗin, idanunmu duka sun yi ja, ba ka iya cewa ga wanda yaji ne ya sa.

"Inna ta rasu ba ta kira nawa ba," ta ce. "Na mutu?"

"Ba ki mutu ba. Amma ke kin tashi kin ga kowa haka ake yi masa. Ita ta tashi ita kaɗai ce a duk ajinsu."

"Me na rage ta da shi? Ci, ko sutura, ko karatu? Wa ke tashi ya dafa mata ruwa?"

"Yaya, ranar Juma'a za su tafi da yaron."

Ta ajiye rariyar. Ta goge hannayenta a zane.

"Kina ganin ban sani ba? Ni na ce ta ajiye shi, Rabi, kullum maganar tana dawo min. Ba ƙi nake yi ba. Ki ce in kwance zane in ratsa kasuwar Zahir, wallahi ya fi min sauƙi. Ban san yadda ake yi ba. Tun ranar da aka raɗa mata sunan yake cikin bakina, ya daskare a wurin."

Ni da ban taɓa durƙusa wa Yaya ba sai gaisuwar salla, na durƙusa a kan tayil ɗin kicin na kama ƙafarta. Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da Annabi, na roƙe ta da nonon da muka sha. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban ɓoye mata ba. Daga ƙarshe ta ce in tashi, za ta gwada.

Ranar Laraba ta zo har ƙofar ɗakin, ta tsaya, ta ce ta bar ruwa a wuta. Ranar Alhamis ta shigo, ta zagaya ta zauna a bayan Suhaila kamar yadda ta saba, da Basma ta ce, "Ummi, ta gaba," sai ta miƙe ta fita. Na bi ta saman gida, na tarar tana shanya kayan jariri, leɓɓanta suna motsi ba sauti.

"Ya fita?" na ce.

"Ko ni kaɗai ba ya fita. Da na zo kansa sai in ga kamar Inna tana kallona."

Juma'a ta zo. Ana saukowa daga masallaci suka iso, Rakan yana bayan uwarsa, ya rame shi ma. Ya leƙa ya gaida matarsa, ba ta amsa ba, ya koma falo ya zauna yana kallon kafet. Na kawo gahawa da dabino, na zuba a hankali kamar mai ciwon hannu. Na roƙi Ummu Rakan ta ba mu ɗan lokaci. Ta ce mu ɗauka, jirgi ba yanzu ba ne.

Na shiga ɗaki da Hudaifa a kafaɗa. Basma ta riga ta kwashe dutsenta, ta jingina yayarta da matashi. Can sai ga Yaya, ta yi alwala, ta sa wankakken mayafi kamar mai zuwa ɗawafi. Ta tsaya, ta dubi gefen da ta saba zama, sannan ta zo ta zauna a bakin gado, ta gaba. Ban taɓa ganin fuskokin nan biyu suna kallon juna ba sai ranar. Goshinsu iri ɗaya ne.

Ta yi bisimilla. Ta ɗaga hannun nan nata mai kaushi, wanda yaji ya rina wa farata, ta ɗora a tsakiyar ƙirjin 'yarta. Suhaila ta zuba mata ido, ƙirjin yana hawa yana sauka da sauri a ƙarƙashin tafin. Yaya ta buɗe baki. Na ga maƙogwaronta yana motsi.

"Ke..." ta ce, sai ta tsaya.

Ta haɗiye yawu, ta sake gwadawa. Zufa ta tsatso mata a goshi, ga na'urar sanyi tana aiki.

"Ke... yarinyar nan... ki yi haƙuri ki tashi."

"Ummi, guli," in ji Basma tana kuka. "Faɗi kawai, kalma ɗaya ce."

"Yaya, don girman Allah," na ce. Har na fara yanka mata sunan gaɓa-gaɓa kamar mai koya wa yaro magana. Ta juyo ta dube ni da wasu idanu na neman taimako, ni kuma ba ni da abin da zan ba ta. Leɓɓanta suka haɗu, suka rabu, iska ce kawai ta fito. Suhaila ta lumshe ido, ta mayar da kanta jikin matashi.

Na ce ko yaron zai yi abin da muka kasa. Na kwantar da shi a cinyarta. Ya ji ƙamshin uwarsa, ya fara juya kai yana laluben rigarta da baki, yana wani ɗan kuka na marasa ƙarfi. Yatsunta suka motsa. Hannun ya ɗaga kaɗan daga katifa, ya tsaya a iska, ina kallonsa ina kiran duk sunan Allah da na sani. Sai ya koma ya kwanta.

Ban san lokacin da Ummu Rakan ta zo bakin ƙofa ba. Tana tsaye, hawaye ya jiƙa mata mayafi. Ta jira fiye da yadda ta yi alkawari, wannan zan shaide ta ko a gaban wa. Sannan ta tako a hankali ta ce, "Samhuni, ku yafe min," ta ɗauke shi daga cinyar. Rakan ya ɗauki jakar kayan da Basma ta haɗa tun safe. Muna jin takunsu a matakala, kukan yana nisa, har ƙofar ƙarfe ta ƙasa ta rufe.

Ba wanda ya motsa a ɗakin. Yaya ba ta ɗauke hannunta ba, ta manta da shi a wurin. An jima sai Suhaila ta yi magana, idonta a rufe.

"Ina kukan? Me ya sa ya yi shiru?"

Na dubi Basma, Basma ta rufe fuska. Yaya ce ta amsa, da muryarta ta kullum, a gajiye, ba ta ko shirya ba.

"Sun tafi da shi, Suhaila."

Ita ba ta san ta faɗa ba sai da ta ga yadda muke kallonta. Suhaila ta buɗe ido a kan fuskar uwarta. Ta ja numfashi, dogo, ina jin sa yana sauka har ƙasa bai tsaya a ko'ina ba. Gaban rigarta ya jiƙe ta gefe biyu. Ta ɗago hannayenta duka ta riƙe wuyan hannun Yaya, ta juyo gare ni.

"Khala, ki ce su tsaya. Abga waladi. Ɗana nake so."

Ban nemi takalmi ba. Na fizgi mayafi a jikin ƙofa, na sauka matakalar nan da gwiwoyina da suka daɗe da lalacewa, ban san yadda na kai ƙasa ba. Layi fayau, shaguna a rufe, zafin ranar bayan sallar Juma'a ya kori kowa. Inda motarsu ta tsaya ba komai sai ɗigon ruwan na'urar sanyi. Na ruga har kwanar mai burodi, kwalta tana cin tafin ƙafata, na duba babban titi hagu da dama, ba su, ba ko tasi. Na kira Rakan, ta yi ta ƙara har ta tsinke. Na kira uwarsa, ita ma ba ta ɗauka ba, wataƙila ta san roƙo ne, kuma ta san in ta ji ba za ta iya ƙin dawowa ba.

Na dawo ƙofar gida ina sake kira, wayar tana ƙara a tafina. Na ɗaga kai. Suhaila tana tsaye a taga da ƙafafunta, ta riƙe ƙarfen, uwarta tana tallafe da ita. Ba fuskata take nema ba, hannuwana take kallo.